Tambarin "Vegan" a Jikin Kayan Kanti: Me Yake Nufi?

 

Yau maganarmu a kan wani ɗan tambari ce da ake gani a jikin wasu kayan kanti da ake shigowa da su daga waje, irin su biskit, cakulan, sabulu, man shafawa da janbaki. Wataƙila maigida ya taɓa sayo miki, ko an kawo miki tsaraba. In kin juya kwalin, za ki ga an rubuta Vegan da boko, ana furta shi "bigan", ga zanen fure ya fito daga jikin harafin farko. To, mene ne wannan tambari, su wa suke buga shi, kuma ina ruwanki da shi?

'Yan bigan mutane ne da suka zaɓi su ƙaurace wa duk wani abu da ya fito daga jikin dabba. Ba sa cin nama, ba sa cin kifi, ba sa shan madara ko nono, ba sa taɓa ƙwai, man shanu, kai har zuma. Da yawansu ba sa sa takalmin fata ko tufafin ulu da siliki. Dalilinsu na farko shi ne tausayin dabbobi, musamman yadda ake tsare kaji da shanu a manyan gonakin Turai da Amurka. Wasu kuma suna yi ne don lafiya, wasu don kare muhalli.

Abin ya samo asali ne a Ingila. Tun 1847 akwai ƙungiyar masu ƙin cin nama a can, amma su suna shan madara suna cin ƙwai. A watan Nuwamba na 1944 wani malamin koyar da aikin kafinta, Donald Watson, da wasu abokansa suka ce su har madarar da ƙwan sun bari. Suka kafa ƙungiyarsu mai suna The Vegan Society, kuma su ne suka ƙirƙiro kalmar. Shi Watson ya rasu a 2005 yana da shekara 95. A 1990 ƙungiyar ta fito da wannan tambari mai fure, daga 1994 kuma suka ware ranar 1 ga Nuwamba ta zama ranar bikinsu kowace shekara.

Yadda ake samun tambarin shi ne, kamfani zai aika wa ƙungiyar jerin duk abin da ya haɗa kayansa da shi. Sai su duba ɗaya bayan ɗaya: akwai abin dabba a ciki? An gwada kayan a jikin dabbobi? An kiyaye kada ya cakuɗu da kayan dabba wajen sarrafawa? In komai ya yi daidai, kamfanin ya biya kuɗi a yi masa rajista, lokaci-lokaci kuma ya sabunta. Akwai wasu tamburan ban da wannan. A Turai akwai V-Label, mai harafin V da ɗan ganye a cikin da'ira, a Amurka kuma akwai na ƙungiyar Vegan Action mai siffar zuciya. Amma fa ki sani, wani kamfanin da kansa yake rubuta kalmar a kwalinsa, babu wata ƙungiya da ta bincika masa.

Me ya kawo wannan bincike haka? Ai saboda abin dabba yana ɓuya a inda ba ki zata. Akwai gelatin, wanda ke sa alewa ta yi danƙo, ana samunsa daga fatar alade ko fata da ƙashin shanu. Akwai wani jan launi da ake rubuta shi E120, daga jikin wani ƙwaro ake yinsa, ana sa shi a alewa da janbaki. Akwai lanolin na man shafawa, daga gashin tumaki. Nan kam tambarin yana da amfani gare mu: in na gaskiya ne, kin huta da fargabar alade.

Sai dai a nan nake so ki ajiye abin da ke hannunki ki saurara. Tambarin bigan daban, tambarin halal daban. Su dabba kawai suke dubawa. Giya kuwa daga inabi ko hatsi ake yinta, don haka ba ta saɓa wa ƙa'idarsu ba, har ma akwai kwalaben giya masu ɗauke da tambarin. Ke nan cakulan ko kek na iya zama na bigan kuma da giya a ciki. Ki duba jerin kayan haɗin, in kin ga alcohol, wine, rum ko brandy, ki dakata a tambayi malamai. In ba ki karanta boko, ba abin kunya ba ne, ki kira ɗanki ko 'yarki ta karanta miki. Matambayi ba ya ɓata. Haka nan tambarin bai ce abin yana ƙara lafiya ba, don sukari da mai ma ai daga tsiro suke. A Nijeriya ki nemi lambar NAFDAC da ranar da kayan za su lalace.

Magana ta biyu ta fi wannan nauyi. 'Yan matanmu suna ganin masu wannan rayuwa a waya, sai wata ta ce ita ma ta bar nama da nono don ta rage ƙiba. Akwai wani sinadari, bitamin B12, wanda jiki ke buƙata don yin jini da lafiyar jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. A nama, hanta, kifi, ƙwai da nono ake samunsa, ganye da hatsi ba su wadatar da shi. Hanta takan ajiye shi, shi ya sa mutum kan yi shekaru bai ji komai ba, daga baya sai kasala, ƙarancin jini, da jin tafin hannu da ƙafa suna mutuwa. Ita kanta ƙungiyar ta Ingila tana gaya wa mabiyanta su sha ƙwayar B12, maikirogiram 10 kullum ko 2,000 a mako, ko su ci abincin da aka ƙara masa sinadarin. Mai ciki da mai shayarwa su ne a sahun gaba wajen haɗari, domin in uwa ba ta da shi, nononta ma babu, jariri kuwa yana iya samun jinkirin zama da tafiya da magana. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ba da shawarar yaro daga wata 6 zuwa 23 ya riƙa samun nama, kifi ko ƙwai kullum.

Na san wata za ta ce, "Mu da sai mu yi mako ba mu ga nama ba, ai mun daɗe da zama 'yan bigan." Gaskiya ne, ɗan wake, ƙosai, alale, awara, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale da daddawa duk abincin tsiro ne, masu gina jiki kuma. Abin da wasu ke saye da tsada a Landan, ga shi a madafinki. Ki riƙe su da kyau. Amma ki ƙara musu da ɗan abin da ya samu: ƙwai ɗaya daga kajin da kike kiwo a tsakar gida, nono a fura, busasshen kifi a daka a zuba a miyar kuka. In kina da juna biyu, ki roƙi maigida izinin zuwa awo, ki kuma faɗa wa ma'aikaciyar asibiti ainihin abin da kike ci.

Nan za mu dakata sai wani mako in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuri'a. Ku huta lafiya.