Zagi Ya Yi Yawa, Lissafi Ya Ɓace: Yaƙin Neman Zaɓe da Kuɗin Ƙananan Hukumomi a Arewacin Zamfara

Shugaban taro, wakilan iyayenmu sarakuna, malamai 'yan uwana, ɗalibai, jama'ar Ƙaura Namoda, da waɗanda suka taso daga Shinkafi da Zurmi duk da halin da hanya take ciki, ina godiya. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Duk sanda zaɓe ya matso, sai a tara 'yan takara a zaure, a sa su rattaba hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya, a ja musu kunne cewa kowa ya tallata hajarsa, kada ya taɓa abokin hamayya. Jami'an hukumar zaɓe suna son wannan magana, wasu abokan aikina malaman kimiyyar siyasa ma suna mara mata baya. Na daɗe ina jayayya da su a kan haka, kuma yau ma ita ta kawo ni. Ɗan takarar shugabancin ƙaramar hukuma da ba zai tsaya gaban jama'a ya ce wanda ke kan kujera ya karɓi kaza, ya kashe kaza, sauran kuma ba a san inda ya shiga ba, to bai cancanci ƙuri'ar kowa ba. Abin da ya lalata siyasarmu shi ne zagi da ƙazafi, kuma zagi ya samu gindin zama ne saboda an kulle littattafan kuɗi. Wanda ba shi da alƙaluman da zai riƙe, mutuncin abokin hamayyarsa zai kama.

Kowa a nan ya san yadda kamfen yake gudana. Ranar kasuwa mota za ta shigo da lasifika a kai, matasa sun maƙale a jikinta, ana sakin waƙar da aka biya mawaƙi ya yi. Ku saurari abin da ke cikinta: wane ba ɗan gari ba ne, kakansa daga wuri kaza ya zo, wane takardunsa na bogi ne, wane ya ci amanar maigidansa. Da dare sojojin baka su karɓa a rediyo, da safe yaran soshiyal midiya su watsa a Facebook da WhatsApp, da hoton da aka yanka aka liƙa. A ƙarƙashin wannan lasifikar kuwa, ga mai karɓar kuɗin kasuwa yana bin rumfa-rumfa, yana yago tikiti yana miƙa wa mai tumatir da mai awon hatsi, wani lokaci ma ya karɓa ba tikitin. Babu baiti ɗaya a waƙar da ya tambayi inda kuɗin tikitin nan suke kwana.

Akwai kuma wani sabon ƙazafi da ya fi duka muni a wannan yanki, wato a jefi mutum da cewa infoma ne, ko yana da hannu da 'yan bindiga. A ƙasar da aka binne mutane da yawa kamar Zurmi da Shinkafi, wannan kalma tana iya kashe mutum kafin gari ya waye. Wanda yake da hujja ya kai wa jami'an tsaro da kotu. Wanda ya furta ta a dandalin kamfen don neman ƙuri'a, jinin da ya zuba yana wuyansa. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana zagi da ɓatanci da kalaman da ke tunzura ƙabila ko addini, kuma ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Amma babu inda sashen ya hana a tambayi shugaba lissafin dukiyar jama'a.

Mu zo kan kuɗin. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin 100 na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, goma sha huɗu daga cikinsu namu ne na Zamfara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, nairorin da ake rabawa duk wata sun ƙaru ƙwarai. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa aikin da aka ɗora musu: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, sannan sa hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya da noma. Ba sai na ɓata muku lokaci a kan asusun haɗin gwiwar jiha da ƙananan hukumomi na sashe na 162 na Tsarin Mulkin ba, kun san abin da gwamnoni suka yi da shi shekara da shekaru, a kowace jam'iyya. Kun san ƙa'idar da hukumar NFIU ta fitar a 2019 ta hana cire tsabar kuɗi fiye da naira dubu 500 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, da yadda gwamnoni suka garzaya kotu. Kun san hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, cewa a biya ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma mulkin kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. Kun kuma ga yadda aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa.

Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, adadin da ke shigowa ba sirri ba ne. Tun 2004, zamanin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a jaridu, yanzu kuma yana intanet. Ɗalibin da ke da waya a wannan zaure zai iya gano abin da aka rubuta wa Ƙaura Namoda ko Zurmi a watan da ya wuce. Ƙofar shiga a buɗe take, ƙofar fita ce a rufe. Nawa aka cire don albashin malaman firamare? Nawa ya tafi ayyukan haɗin gwiwa da jiha? Nawa ne kason masarauta? Nawa ya isa sakatariya, kuma da ya isa me aka yi da shi? Waɗannan tambayoyi huɗu su ne ya kamata su cika bakin kowane ɗan hamayya.

Ga hujjar da na fi dogara da ita, kuma ina roƙon ku ba ni hankalinku. A 2003 gwamnatin tarayyar Barazil ta ɓullo da wani tsari. Ana jefa ƙuri'ar sa'a a bainar jama'a, ƙananan hukumomin da ta faɗa wa sai a tura musu masu binciken kuɗi daga tarayya. Masu binciken ba sa tsayawa a ofis. Suna duba rasit, sannan su je su ga ko makarantar da aka ce an gina tana nan, ko maganin da aka ce an saya ya isa asibiti. Daga nan a wallafa rahoton, a raba wa kafafen yaɗa labarai. Da yake ƙuri'a ce ta zaɓa, ba wanda zai ce bi-ta-da-ƙulli ake yi masa.

Sai ga zaɓen ƙananan hukumomi a watan Oktoban 2004. Wasu garuruwan an fitar da rahotonsu kafin zaɓe, wasu sai bayansa. Masana biyu, Claudio Ferraz da Frederico Finan, suka ɗauki wannan dama suka kwatanta, suka wallafa sakamakon a 2008. Suka ajiye shugabanni masu laifi iri ɗaya gefe da gefe, wannan jama'arsa sun ji labari kafin su jefa ƙuri'a, wancan ba su ji ba. Wanda aka fallasa almundahanarsa kafin zaɓe, damarsa ta komawa kujera ta ragu sosai. A garuruwan da ke da gidan rediyo na gida, faɗuwar ta fi tsanani. Ga kuma abin da nake so shugabanninmu su riƙe da kyau: inda aka bincika aka tarar shugaba ya riƙe amana, kuma akwai rediyon da ya yaɗa labarin, damarsa ta komawa ƙaruwa ta yi. Wa ya kai rahoton nan kunnen talaka? Rediyo da 'yan hamayya. Sun ɗauke shi sun yi kamfen da shi, kamfen na suka, irin wanda jami'anmu suke cewa a daina. Suka ce mai tsanani, amma tana tsaye a kan takarda, ta kayar da ɓarawo, ta kuma tsare mai gaskiya daga ƙazafi. Mutanen ƙauyukan Barazil ba su fi mutanen Kasuwar Daji ko Moriki hankali ba. An dai sa musu lissafi a hannu.

Ga hujja ta biyu daga Afirka. A Yuganda, bincike ya nuna cewa tsakanin 1991 da 1995, kusan kashi 13 cikin 100 ne kawai na tallafin da gwamnati ke aika wa makarantun firamare a kan kowane ɗalibi yake isa makaranta. Gwamnati ta fara buga abin da ta aika a jaridu, aka umarci makarantu su liƙa a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai kusan kashi 80.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. NEPU da aka kafa a Kano a 1950 da me ta yi yaƙi? Da sukar En'e a kan haraji da jangali da aikin tilas da shari'ar son zuciya. Malam Aminu Kano bai taɓa yin kamfen na lallashi ba, amma abin da yake suka talaka yana jinsa a aljihunsa. Wannan sukar ce ta haifi soke haraji da jangali a Kano da Kaduna bayan zaɓen 1979.

Masu saɓa mini suna kawo hujja uku. Suna cewa suka tana korar mutane daga rumfar zaɓe, suna jingina da littafin Ansolabehere da Iyengar na 1995 a kan Amurka. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da haka ba, kuma John Geer ya nuna a 2006 cewa tallan suka ya fi tallan yabon kai ɗauke da hujja. Suna cewa asusun haɗin gwiwa ne ke tsare albashin malamai. To a buga abin da aka cire, mu gani. Suna cewa lokacin rashin tsaro ne, ba a tone-tone. Ni kuwa na ce yankin da aka rufe wa layukan waya da kasuwannin mako a watan Satumban 2021, har kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta tsaya, ya fi kowa haƙƙin sanin abin da ake kashewa da sunan tsaro.

Bayan waɗannan, magana ɗaya ce ke da nauyi a wajensu, wato a Barazil ƙuri'a tana aiki. A nan kuwa, a zaɓen ƙananan hukumomi na 2019 APC mai mulki ta kwashe kujeru 14 duka, a na Nuwamban 2024 PDP mai mulki ta kwashe 14 duka. Wannan ma yana bayyana irin zagin da muke ji. Tunda takarar gaskiya a wurin tsayar da ɗan takara take, yawancin ƙazafin kunnen masu naɗawa a Gusau ake nema da shi: wane yana yi wa jam'iyya zagon ƙasa, wane an gan shi a gidan wane. Talaka ɗan kallo ne. Amma wannan dalili ne na ƙara matsa lamba. Jam'iyya ma tana jin kunyar sake tsayar da wanda duk gari ya haddace giɓin da ya bari, kuma kansilolinsa da 'yan majalisar yankinsa za su fuskanci jama'a a babban zaɓe.

Shawarwarina biyar ne, kuma ba yau na fara faɗarsu ba.

Na ɗaya, kowace ƙaramar hukuma ta liƙa lissafin wata-wata a sakatariya da kasuwa da ƙofar fadar hakimi, da Hausa, a boko da ajami: abin da ya shigo daga tarayya, abin da aka tara a kasuwa da tasha, abin da aka cire, abin da aka kashe, da sunan ɗan kwangila da wurin aiki.

Na biyu, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi na jiha ya fito aƙalla wata uku kafin kowane zaɓe, a karanta taƙaitawarsa a rediyo. A kuma riƙa zaɓar ƙananan hukumomi da ƙuri'ar sa'a don binciken gani-da-ido.

Na uku, gidajen rediyo su kafa ƙa'ida ga masu sayen fili: duk wanda zai zargi shugaba da cin kuɗi ya kawo adadi da wuri da kwanan wata, a ba wanda ake zargi fili daidai da nasa ya amsa. Wanda ya zo da maganar asali ko iyali ko ƙazafin infoma, a mayar masa da kuɗinsa.

Na huɗu, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin nan tun 1983 tana da ɗaliban akanta da na gine-gine. A mayar da bin diddigin ayyukan ƙananan hukumomi aikin kammala karatunsu: su nemi takardu a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, su je su auna ajin da aka ce an gyara, su buga famfon da aka ce an haƙa su ga ko ruwa zai fito.

Na biyar, a gyara yarjejeniyar zaman lafiyar da ake sa wa hannu. A bar haramcin zagi da makami a ciki, a ƙara sharaɗin cewa duk mai neman shugabancin ƙaramar hukuma zai zauna muhawara a bainar jama'a a kan kasafin kuɗi, mai neman tazarce kuma ya zo da littafinsa a hannu.

Malamanmu na addini, ku kuke karantar da mu cewa ƙazafi babban zunubi ne, ku ne kuma kuke karantar da mu cewa kowane shugaba abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Ku haɗa mana su biyun a mumbari guda. Matasa kuma, idan ɗan siyasa ya ba ku kuɗin data ku zagi wani, ku ce ya fara ba ku kasafin kuɗin ƙaramar hukumarku. Idan ya kasa, kun san ko wane ne shi.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana.