Idon Likita a Ƙarƙashin Fata



A watan Yuni na 2020, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, likitoci sun ɗaura wa wani majiyyaci kusoshi shida a ƙashin baya suna sanye da wani irin tabarau. Tun kafin aikin an ɗauki hoton cikin jikinsa. Tabarau ɗin ya ɗora hoton daidai bisa bayan mutumin, likita yana ganin ƙashi da hanyar da kusa za ta bi, ba sai ya waiwaya ga allo ba. Kuskure kaɗan a wurin nan yana iya taɓa laka, ƙafafu su shanye.

To, mu 'yan Bagudo, ina ruwanmu? Irin wancan hoto sai an dangana da babban asibiti kamar na Sakkwato. Amma wannan fasaha tana da ƙanwa wadda ta fi kusa da kukanmu. Da damina akan kawo yaro daga Lolo ko Tsamiya, ko daga ƙetaren iyakar Binin, zazzaɓin cizon sauro ya tsotse masa jini. Malamar asibiti ta soka allura sau uku, sau huɗu, jijiya ta ƙi samuwa, uwa tana kallo. Akwai 'yar fitilar hannu, irin su AccuVein, mai haska fata da hasken da ido ba ya gani. Jini yakan shanye hasken, sai na'urar ta zana jijiyoyin a kan fatar, da batir kawai.

Gobe waɗansunmu ne za su zauna ofis suna tsara kasafin kuɗin lafiya. Ita muke roƙo a fara rubutawa, tare da kuɗin horar da malaman asibiti, domin fitilar nuni kawai take yi, ba ta soka allura.