Ciwon Jikin da Gwaji Ba Ya Gani

 A fadamar Haɗejiya, duk wanda ya wuni a duƙe yana dashen shinkafa ya san ciwon jiki, kwana biyu ya warware. Amma akwai ciwon da ba ya tafiya. Mace ta shafe wata uku ko fiye ko'ina na yi mata ciwo, ta farka a gajiye kamar ba ta runtsa ba, ga yawan mantuwa. A ce sanyi ne, a ce taifot, a yi ta dirka mata allurai. Wasu ma su ce raki ne, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

Likitoci na kiran larurar faiburomayaljiya. Tana kama mutum 2 zuwa 4 cikin ɗari, mata sun fi yawa. Gwajin jini ba ya nuna ta, hoto ma haka. A ƙa'idar 1990, likitocin Amurka na danna wurare 18 a jiki don gano ta. Daga 2010 suka fi dogara da bayanin majiyyaci. Don haka 'yar'uwa, in kin je Babban Asibitin Haɗejiya, faɗa wa likita tun yaushe ciwon ya fara, da yadda barcinki yake.