Wakilin Ƙungiyar Kibiya a Rundunar Sikawut ta Amurka: An Ba Shi Lamba, An Hana Shi Kujera



Ƙungiyar Order of the Arrow, wadda zan riƙa kira ƙungiyar Kibiya, ta samo asali a 1915 a sansanin Treasure Island da ke kogin Delaware, a hannun E. Urner Goodman da Carroll Edson. A 1948 ta shige cikin tsarin sikawut na Amurka gaba ɗaya, a 1998 aka ayyana ta a matsayin ƙungiyar karramawa ta ƙasa, a 1999 kuma aka ƙirƙiro muƙamin wakilinta a cikin kowace runduna. Wato sai bayan shekara 84 hukuma ta yarda cewa akwai rata tsakanin reshen ƙungiyar da rundunar da yaro ya fito. Abin da wannan takarda ke cewa shi ne, an gano cutar daidai, amma maganin da aka bayar rabi ne.

A dubi nauyin da aka ɗora wa wannan yaro, wanda ƙa'ida ta ce bai kai shekara 18 ba. Kafin ɗan sikawut ya cancanci tsayawa zaɓen shiga ƙungiyar, sai ya kai matakin First Class, ya kuma kwana 15 a sansani cikin shekara 2 da suka gabata, ciki har da dogon zango ɗaya na aƙalla dare 5 a jere. Ranar zaɓe sai rabin yaran runduna sun halarta, kuma ɗan takara sai ya samu kashi 50 cikin 100 na ƙuri'un da aka jefa. Masu jefa ƙuri'ar har da waɗanda ba 'yan ƙungiya ba, abin da ya sa wannan zaɓe ya fita daban, ya kuma cancanci a kare shi. Wa zai duba littafin kwanakin sansani tun kafin lokaci ya ƙure? Wa zai nemo tawagar zaɓe daga reshe, ya tsayar da rana, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya don kada adadi ya gaza? Wakilin ne. Bayan zaɓe, shi zai tabbatar wanda aka zaɓa ya je jarrabawar Ordeal, inda zai kwana shi kaɗai a fili, ya yini yana aiki bakinsa a rufe, da ɗan abinci kaɗan. Bayan wata 6, tunda aka rage wa'adin daga wata 10 a 2019, shi ne dai zai ja hannun sabon ɗan ƙungiya zuwa matakin Brotherhood. Idan wakili ya yi sakaci, yaro ya rataya farin ƙyallen ƙungiyar mai jar kibiya a kafaɗa, a ɗauki hoto, daga nan reshe ba zai sake ganin ƙeyarsa ba. Shugabannin rassa sun daɗe suna kuka da wannan.

To me aka ba shi na yin aikin? Lamba a hannun riga. Majalisar shugabannin yara, inda ake tsara kalandar runduna ta shekara, ta ƙunshi babban shugaban yara da mataimakansa da shugabannin ƙananan rukunoni da jagoran sababbin shiga. Wakilin Kibiya ba ya cikin masu ƙuri'a. In an ga dama a gayyace shi ya ba da rahoto. Sai a sanya tafiyar runduna a ƙarshen makon da reshe ya tsayar don Ordeal, sannan a juyo a tuhumi wakili da rashin ƙoƙari. An ce da kare tuwo ya yi yawa a gidan biki, ya ce ma gani a ƙasa: takardun hukuma cike suke da yabon wannan muƙami, amma a wurin yanke shawara babu shi.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne yadda muƙamin ya zama hanyar cika sharaɗi. Ana lissafa shi cikin muƙaman da ake buƙata don hawa mataki: wata 4 don Star, wata 6 don Life, wani wata 6 don Eagle. Tunda babban shugaban yara ne ke naɗawa da amincewar malamin runduna, kuma aikin yana gudana a tarukan reshe inda idon malamin ba ya kaiwa, ba abin da ya fi sauƙi kamar a miƙa lambar ga yaron da ke neman cike watanninsa. Wata 6 ya wuce, a sa hannu, ba wanda ya tambaya taro nawa ya je.

Za a ce yaro mai shekara 13 ko 14 ba shi da mota, ba zai iya zirga-zirgar taron reshe ba. Gaskiya ne, kuma dalilin ke nan da tsarin ya tanadi babba daga mataimakan malamin runduna ya zama mashawarcinsa. Rundunar da ta naɗa wakili ba ta naɗa mashawarci ba, ita ta karya tsarin. Za a kuma ce ƙungiyar Kibiya na janye manyan yara daga runduna. Ai ƙungiyar da kanta tana koyar da cewa haƙƙin farko a kan ɗanta na rundunarsa ne, kuma wakili mai aiki shi ne ke dawo da abin da aka koyo a reshe gida. Masu cewa a bar yara su tsara majalisarsu da kansu, amsarsu gajeriya ce: manya ne suka rubuta jerin masu kujerar tun farko.

Ƙungiyar sikawut ta Amurka da ta haura yara miliyan 4 a shekarun 1970, yau tana da kimanin miliyan 1. An buɗe ƙofar runduna ga 'yan mata a 2019, an sauya suna zuwa Scouting America a 2025, duk don neman sababbin shiga, alhali wanda aka ɗora wa riƙe manyan yaran da ke hannu yana tsaye a bakin ƙofar majalisa. Ina kira ga hukumar ƙasa ta ba shi kujera da ƙuri'a, ta kuma hana a sa hannu a watanninsa sai da shaidar shugaban reshe cewa ya halarci taro kuma an gudanar da zaɓe a rundunarsa.