Dakakken Ganye a Kan Taliya: Dabarar Mutanen Italiya

Wannan jawabi ne domin ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, musamman iyayen yara da masu aikin lambu.

Maganar yau a kan taliya ce, da ganyen da ake zubarwa a lambu.

Taliya ta shiga kowane gida. Akwai ta leda da ake saye a kanti. Akwai ta murji da mata suke yi da ɗan inji, su shanya a igiya. Yawanci da mai da yaji ake cin ta. Tana cika ciki, tana ba da ƙarfin aiki. Amma taliya da mai da yaji kaɗai ba su isa su gina jikin yaro ba. Yaro yana bukatar ganye. Ga shi kuma yara da yawa ba sa son ganye. In sun gan shi a kwano, sai su tsince shi su ajiye gefe. Mutanen ƙasar Italiya suna da wata dabara da za ta yi maganin wannan.

Asalin Dabarar

A arewa maso yammacin Italiya akwai wani birni a bakin teku mai suna Jenowa. Mutanen wannan birni suna da wata miya kore shar wadda ba a ɗora ta a wuta. Sunanta festo. A harshensu, sunan ya fito ne daga kalmar da take nufin daka. Wato dai dakakkiyar miya ce. An rubuta yadda ake yin ta a wani littafin girki na birnin tun cikin shekarun 1860.

Abin da suke dakawa shi ne ɗanyen ganye mai ƙanshi, dangin ɗoɗɗoya. Suna haɗa shi da tafarnuwa, da gishiri, da ƙwayar wata bishiya mai maiƙo, da busasshen cuku, da man zaitun. Turminsu na dutse ne, taɓaryar kuma ta icce. Idan ta daku, sai su juye ta a kan taliya mai zafi su cakuɗa. Wasu sukan dafa taliyar tare da dankalin Turawa da ɗanyen wake mai kwanso.

Daga baya dabarar ta bazu a duniya. Wanda ba shi da irin ganyensu sai ya ɗauki wanda yake da shi: alayyahu, ko ganyen karas, ko wani ganyen lambu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san kwaɗon zogale. Kwaɗo ma ganye ne da ƙuliƙuli da mai da gishiri. Bambancin kawai, a festo ana daka ganyen ya yi laushi luƙui, har ya manne wa taliya. Yaro ba zai iya tsince shi ba.

Kayan Haɗi

Domin taliyar da za ta ishi mutum 5, a tanadi waɗannan:

Ganye, cikin tafin hannu biyu sau 3.
Soyayyar gyaɗa, rabin gwangwanin madara. In babu, garin ƙuliƙuli ya isa.
Tafarnuwa, ƙwaya 2.
Man gyaɗa, babban cokali 6.
Lemun tsami 1.
Gishiri kaɗan.

Wanda yake kusa da masu sayar da cuku, kamar a garuruwan Nijar, yana iya daka ɗan gutsure ya zuba. In babu cuku, ba kome.

Ganyen da ya dace shi ne alayyahu, zogale, ganyen karas, ganyen wake mai taushi, da ganyen dankalin Hausa. Ana iya haɗa iri 2 ko 3. A ƙara ɗan ɗoɗɗoya domin ƙanshi. Masu noman rani su lura: ganyen karas da ake yankewa a zubar, ko a bai wa awaki, abinci ne na mutane. A zaɓi mai taushi, a bar kara mai tauri.

Yadda Ake Yi

Da farko uwar gida ta wanke hannu da sabulu. Ta wanke turmi da taɓarya. Ta tsince ganye, ta wanke shi da ruwa mai tsabta har sai ƙasa ta fita duka.

Na biyu, ta tafasa ruwa, ta zuba ganyen a ciki. Alayyahu da ganyen karas minti 2 ya ishe su. Zogale da ganyen wake su yi kamar minti 5, domin su yi laushi, ɗaci ya ragu. Sai ta tsame, ta matse ruwan. Wannan ɗan tafasa yana rage ƙwayoyin cuta da ke manne da ganye, musamman wanda aka yi wa ban ruwa da ruwan kududdufi.

Na uku, ta daka tafarnuwa da gishiri. Ta zuba gyaɗa ta daka. Sannan ta riƙa zuba ganye kaɗan-kaɗan tana dakawa, har ya haɗe.

Na huɗu, ta kwashe a kwano, ta zuba mai tana juyawa. Ta matsa lemun tsami.

Na biyar, ta dafa taliya. Kafin ta tace, ta ɗebi ludayi 1 na ruwan dahuwar ta ajiye. Ta juye dakakken ganyen a kan taliya tun da zafinta, ta sassauta shi da wannan ruwa, ta cakuɗa. Manya su barbaɗa yaji a nasu kwano.

Amfaninsa ga Jiki

Koren ganye yana ɗauke da abin da jiki yake mayarwa bitamin A. Wannan bitamin yana kare ido daga dundumi, yana taimaka wa yaro ya jure cuta. Jiki ya fi ɗaukar sa idan an ci ganyen da mai, ga shi kuma miyar da mai ake yin ta. Ganye yana da sinadarin da ke ƙara jini, wanda mata masu ciki da masu shayarwa suke bukata ƙwarai. Lemun tsami yana taimaka wa jiki ya ɗauki wannan sinadari. Gyaɗa kuma tana gina jiki.

A Yi Hattara

Ba kowane ganye ake dakawa haka ba. Ganyen rogo yana da guba, ɗan tafasa kaɗan ba ya fitar da ita. Ganyen tumatir da na dankalin Turawa ba na ci ba ne. Ganyen da aka yi wa feshin maganin ƙwari kwanan nan, a bar shi sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin sun cika.

A tsince gyaɗa da kyau. Wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, domin tana lahanta hanta. Yaron da jikinsa yake kumbura ko yake ƙaiƙayi in ya ci gyaɗa, kada a ba shi.

Wannan miya ba ta kwana a gidan da babu firji. A daka daidai wadda za a cinye a ranar. Rigakafi ya fi magani.

A ƙarshe, babu abin da za a sayo daga nesa. Turmi yana tsakar gida, zogale yana bayan ɗaki, gyaɗa tana rumbu. Kowace ɗaliba ta gwada a wannan mako, ta rubuta a littafinta irin ganyen da ta daka, da yadda yaranta suka karɓe shi. Ranar aji sai ta karanta wa 'yan'uwanta.