Kwamfuta Biyu, Aiki Ɗaya

Tun 1981 masanin kimiyya Richard Feynman ya nuna cewa kwaikwayon ƙwayoyin zarra sai na'urar da ke bin dokokinsu. Yau irin wannan na'ura, wato kwamfutar kwantam, ta samu, amma ƙwayoyin lissafinta saurin rikicewa gare su. Shi ya sa ake raba aiki: ita ta auna makamashin sinadari, kwamfutar gama-gari ta gyara alƙaluman ta mayar mata, a yi ta zagayawa har amsa ta daidaita. Manhajar Qiskit, wadda kamfanin IBM ya fitar a 2017, tana ɗinke wannan kai-komo da harshen Python. Gwanintar mai tsara manhaja ita ce rage zirga-zirgar, domin kowane zagaye yana cin lokaci da kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.