Gurbinsu Yana Cikin Sahu: Jawabi a Kan Haƙƙin Nakasassu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku shehunanmu, muƙaddamai da 'yan'uwa muridai na Shema, Dutsin-Ma, Kurfi da kewaye: an umurce ni da yin magana a kan 'yan'uwanmu nakasassu. Ni almajiri ne, ba ni da abin faɗi face abin da na tsinta a gaban malamai.

Ku dubi ƙofar masallatanmu ranar Juma'a. Makaho da gurgu na zaune wajen takalma, mu jefa musu ɗan abin da ya samu, mu shige sahu, zuciya ta natsu wai mun sauke nauyi. Ba mu sauke ba. Sadaka muka ba su, muka hana su wurin zama.

Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah Ya yarda da shi, makaho ne, kuma neman ilimi ya kai shi wurin Manzon Allah, har farkon Suratu Abasa ya sauka a kan lamarinsa. Ya zama ladani tare da Bilal, an kuma sha barinsa ya ja wa mutanen Madina salla idan an fita yaƙi. A nan ƙasar Hausa ga Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, wanda ya rasu a 1990: makaho ne, amma ya cika kunnuwan Hausawa da begen Annabi, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Da an miƙa masa ƙoƙon bara tun yana yaro, wa zai ƙidaya asarar da muka yi?

Hukuma ma ta yi nata. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda ta tanadar musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024. To amma doka ba ta wanke zuciya daga girman kai da raina bawan Allah; wannan aikin tarbiyya ne, watau namu.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, kowace zawiya ta yi gangare a ƙofarta da wurin alwala, domin mai keken guragu ya shiga da'irar zikiri da kansa. Na biyu, kowane muƙaddami ya zauna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu na garinsu, a san yaran da ke ɓoye a gida, a kai su makarantar allo, ko makarantar makafi ta Katsina, ko ta kurame da ke Malumfashi. Na uku, a mayar da wani kaso na zakka jari: keken ɗinki, kayan gyaran takalma, ko awakin kiwo. Kuma mu daina kiran mutum da lalurarsa, yana da sunan da aka raɗa masa.

Wanda bai gama rayuwa ba, bai gama ganin halittarsa ba. Allah Ya ba mu ikon aikatawa, Ya kai mu taron baɗi da wannan aiki a hannu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.